Shin Ko Kun San? Ƙyallin Waya Ba Shi Ke Hana Ta Tsatsa Ba

Shin ko kun san cewa sau da yawa wayar shingen da ta fi ɗaukar ido a kasuwa ita ce ke riga sauran yin tsatsa? Abin da ke kare waya shi ne tutiya, farin ƙarfen nan da ke jikin kwanon rufi da bokitin ƙarfe. Manyan hanyoyin lulluɓe waya da ita biyu ne: ko a tsoma ta cikin narkakkiyar tutiya, ko a liƙa mata tutiyar da wutar lantarki.

Ta lantarki a sanyaye ake yin ta. Waya na ratsa ruwan sinadari, wuta na jawo tutiya tana kwantar da ita a jikinta. Sai ta fito sumul, tana walƙiya. Amma irin wadda ta cika kasuwa, rigar tata shara-shara ce, galibi ba ta kai giram 50 na tutiya a murabba'in mita ɗaya ba. Ta dace da aikin cikin ɗaki, da ɗaurin kaya, da abin da za a shafa wa fenti. A kafa ta a fili kuwa, damina kaɗan za ta yi ta soma ja.

Shin ko kun san tutiya na narkewa ne a zafin da ya kusa digiri 420, ana kuma tsoma waya a cikinta a wajen digiri 450? A wannan zafin tutiyar ba zama kawai take yi a kan ƙarfen ba, cuɗanya suke yi, su haɗe ta yadda ɓamɓare ta ke da wuya. Wayar kan fito da ɗan kaushi, launinta toka-toka, babu wani kyan gani, amma mai kaurin cikinta na ɗauke da fiye da giram 200. Sai dai a lura da kyau: akwai masana'antun da ke goge tutiyar sosai da zarar waya ta fito daga tukunya, har ta koma 'yar kaɗan. Ke nan jin cewa "tsomammiya ce" bai wadatar ba. A Amurka wayar shinge mai aji na 3 na ɗauke da tutiyar da ta kusa ninka ta aji na 1 sau uku, alhali a ido da ƙyar za a bambance su.

Dabarar tsomawar ta daɗe. Wani masani Bafaranshe, Paul Jacques Malouin, ya yi bayaninta a 1742, kafin Stanislas Sorel ya yi mata rajista a Faransa kusan shekara ɗari bayan haka. Gadar Buruklin ta birnin Niyok, wadda aka buɗe a 1883, na rataye ne da manyan igiyoyi huɗu, kowace na ƙunshe da wayoyi 5,434 masu rigar tutiya, kuma har gobe motoci na bi ta kanta.

Shin ko kun san ko an karce waya, tutiyar da ke gefen karcen na ci gaba da kare ta? Ita ke fara cinyewa a madadin ƙarfen, shi ya sa bakin da aka yanke da filaya ba ya saurin ja. Fenti ba ya yin haka. Da ya ɓare, tsatsa ta samu ƙofa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda wayar za ta zauna. A ƙauye mai busasshiyar iska, tutiyar da ke zaizayewa a shekara ba ta kai giram bakwai a murabba'in mita ba. A bakin teku, inda iska ke ɗauke da gishiri, takan haura giram 30. Wayar da za ta tsufa lafiya a Agadas ko Katsina ba lallai ta jure Legas ko Fatakwal ba. Mu ma a nan Arewa muna da namu wuraren masu cin waya: fadama, da ƙasan shinge inda ciyawa ke riƙe danshi, da gidan kaji, inda tururin kashinsu ke cin tutiya dare da rana. A ganina babban ganganci ne mai kiwon kaji ya sayi raga mai rigar lantarki don sauƙin kuɗi. Araha ba ta ado, kuma kuɗin leburan da zai sake ɗaura ta ya isa ya cinye ribar.

Masu sayen raga su kula da wani abu kuma. Idan an lulluɓe waya kafin a yi mata walda, wutar na ƙona tutiyar a kowace mahaɗa. Duba tsohuwar raga za ka ga jan ɗigo-ɗigo jere a daidai inda wayoyi suka gitta juna, sauran jikin kuwa fari. Wadda aka tsoma bayan an gama waldar ta fi tsada, ta kuma fi ƙarko.

Shin ko kun san akwai hanya ta uku? Ana kiranta Galfan: tutiya kashi 95 cikin ɗari, alminiyam kashi 5. Takan ninka tsomammiya ta yau da kullum ƙarko, ba ta kuma saurin tsagewa in an lanƙwasa ta. Da ita ake yawan saƙa kwandunan waya da ake cikawa da duwatsu don tare zaizayar ƙasa a bakin rafi da gindin gada.

Gargaɗi ɗaya ga masu walda: hayaƙin tutiya na sa zazzaɓi da ciwon jiki. A yi aikin a fili mai iska. Kada kuma a gasa nama a kan sabuwar raga mai tutiya.

Kafin ka biya kuɗi, ka nannaɗe guntun wayar a jikin ƙusa ka gani. In rigar ta tsattsage tana ɓarewa, bar musu kayansu. Sannan ka tambayi mai shago giram nawa ne na tutiya a murabba'in mita, ka nemi ya nuna maka a rubuce a takardar kayan.