FASHIN BAƘI: Albarushin gida a idon doka, da haɗarinsa a unguwanni irin Fagge da Sabon Gari

Da safiyar Talata 17 ga Mayu 2022, wata fashewa ta rusa gini a titin Aba da ke Sabon Gari, cikin Ƙaramar Hukumar Fagge, kusa da wata makarantar yara, inda mutum 9 suka rasa rayukansu. Da farko Kwamishinan 'Yan Sandan Kano na lokacin, Sama'ila Shu'aibu Dikko, ya ɗora alhakin abin a kan tukunyar gas. Daga baya rundunar ta ce bincikenta ya nuna cewa sinadarai ne da aka jibge ba bisa ƙa'ida ba suka yi bindiga.

'Yan sanda ba su ce albarushi ba ne. Amma lamarin ya tono tambayar da ta shafi maharba, maƙera, 'yan sintiri da matasa masu sha'awar harbi: wa doka ta yarje wa ya haɗa ko ya ajiye abin da ke fashewa, kuma a ina?

Tsohuwar al'ada

Albarushi ba baƙo ba ne a Kano. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, a matsayin sarkin da ya fara kafa rundunar 'yan bindiga masu tsaronsa. Har yau ƙarar bindigogin gargajiya ce ke shelar fitowar sarki a hawan salla, bikin da UNESCO ta shigar cikin jerin al'adun gado na duniya a Disamba 2024. A karkara kuwa, bindigar ɗuri ta baki ita ce makamin maharbi da mai gadin gona, kuma ita ce abin da talakan ƙauye ke iya mallaka a gaban ɗan ta'adda mai AK-47.

Wannan dogon sabo ne ya sa mutane da yawa ke ɗaukar albarushi tamkar gawayi ko kananzir. Doka ba ta ɗauke shi haka ba.

Abin da dokar bindigogi ta tanada

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa makamai gida uku. Kashi na farko su ne makaman da aka haramta, irin na yaƙi, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke iya ba da lasisinsu. Na biyu su ne bindigogin farauta na zamani da makamantansu, kuma lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, wato bindigogin gargajiya, waɗanda aka bar sha'aninsu a hannun Kwamishinan 'Yan Sandan jiha.

Dokar ta hana a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta samu da laifin tayar da hankali cikin shekaru 5 da suka gabata. Ta kuma haramta ƙera makami ko harsashi ba tare da izini ba, laifin da hukuncinsa bai gaza ɗaurin shekara 10 ba. Ko maƙerin da ya gaji sana'ar kaka da kakanni yana buƙatar takardar izini kafin ya ƙera ko ya gyara bindigar gargajiya.

Akwai kuma Dokar Fashi da Makamai ta 1984, wadda ta sanya tarar Naira 20,000 ko ɗaurin aƙalla shekara 10, ko duka biyun, a kan wanda aka kama da makami ba bisa ƙa'ida ba. Ma'anar makami a cikinta tana da faɗi, domin ta haɗa da bindigogin gargajiya da abubuwan fashewa.

Lasisin bindiga ba lasisin haɗa albarushi ba ne

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Ƙerawa, sayarwa, ɗauka da ajiyar abubuwan fashewa suna ƙarƙashin wata doka ce daban, wato Dokar Abubuwan Fashewa ta 1964 da ƙa'idojinta na 1967, waɗanda ma'aikatar ma'adinai ta tarayya ke kula da su. Ƙa'idojin sun shardanta rumbun ajiya na musamman wanda hukuma ta duba ta amince da shi. Ɗakin haya a Fagge ko bayan shago a Sabon Gari ba zai taɓa cika wannan sharaɗi ba.

Bidiyoyin YouTube da matasa ke kallo daga Amurka suna ƙara rikita lissafi. A can, dokar tarayya ta sassauta wa masu wasan harbi da tsofaffin bindigogi su sayi albarushin kamfani da bai wuce kusan kilo 22 ba. Sassaucin na albarushin kamfani ne, kuma iyakarsa Amurka. A Birtaniya ma sai mutum ya samu takardar shaida daga 'yan sanda kafin ya mallake shi. Babu kotun Najeriya da za ta karɓi dokar wata ƙasa a matsayin uzuri.

Me ya sa yake da haɗari haka?

Albarushi, wanda aka fara sani a ƙasar Sin wajen ƙarni na 9, ya bambanta da fetur ko gas ta fuska ɗaya mai muhimmanci: yana ɗauke da iskar da yake buƙata don ƙonewa a jikinsa. Saboda haka rufe shi da bargo ko yashi ba ya kashe shi, kuma da zarar ya kama, babu sauran lokacin gudu. Tartsatsi guda ya isa, ko daga gugar ƙarfe, ko guntun taba, ko wayar lantarki. Bushewar iskar hunturu tana ƙara yiwuwar irin tartsatsin da tufafi kan haifar. Matakin haɗawa shi ne mafi muni, domin a lokacin ne hannu da fuska suke daf da shi.

A fili yakan ƙone da walƙiya da hayaƙi. A cikin rufaffen gwangwani ko ɗaki kuwa, iskar da yake fitarwa ba ta da mafita, sai ta tarwatsa abin da ya tsare ta. Haka bindiga ke yi wa mai ita idan an ƙera bututunta da ƙarfen da ba a gwada ƙarfinsa ba, ko aka cika mata ɗuri, ko aka zuba mata garin harsashin zamani wanda ƙarfinsa ya fi nata. Tokar da albarushi ke bari tana jan danshi tana cin ƙarfe daga ciki, har bututu ya rube ba a sani ba. Wani lokaci kuma ɗuri yakan yi jinkirin tashi, mai harbi ya leƙa baki, sannan ya tashi.

A daji, mai kuskure kansa yake cuta. A yankin da ya ƙunshi Kantin Kwari, kasuwar Singa da kasuwar Sabon Gari, inda yadi, robobi, janareto da tukwanen gas ke maƙwabtaka da gidajen kwana da makarantu, kuskuren mutum ɗaya na kowa ne. Ibadan ta ga haka ranar 16 ga Janairu 2024, lokacin da abubuwan fashewa da aka ajiye a wani gida a Bodija suka kashe mutane, suka jikkata fiye da 70. Gwamna Seyi Makinde ya ce masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba ne suka ajiye su.

Giɓin da ya rage

Dokokin nan sun girmi yawancin masu karanta wannan rubutu, kuma halin tsaro ya daɗe da barin su a baya. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta umarci jama'a su nemi bindigogi don kare kai, sai Babban Hafsan Tsaro Janar Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ce an dakatar da ba da sabbin lasisi. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ba Cibiyar Daƙile Yaɗuwar Ƙananan Makamai, wadda aka kafa a 2021, cikakken hurumi.

Rashin tsari bayyananne yana cin rayuka ta wata hanyar ma. A ƙarshen Maris 2025 aka kashe matafiya 16, maharba 'yan Kano, a Uromi ta Jihar Edo, bayan 'yan sintiri sun ga bindigogin gargajiya a motarsu. Mallakar bindiga, da lasisi ko babu, magana ce ta kotu, ba ta taron jama'a ba.

Abin da ya kamata masu zaɓe su nema daga 'yan majalisa da rundunar 'yan sanda a fili yake: rajistar maharba da maƙera mai sauƙi da arha, halastacciyar hanyar sayen albarushin kamfani, da binciken rumbunan sinadarai a unguwannin jama'a. Kafin a kai can, wanda ya ga ana tara irin waɗannan kaya a maƙwabtansa kada ya taɓa, kada ya matsar. Ya janye iyalinsa, ya sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa, domin rundunar tana da sashen ƙwararru na kwance bama-bamai da aka tanada don wannan aiki.