Canjin Inji Da Ƙwaƙwalwar Mota: Kama Da Wane Ba Ta Wane

Duk wanda ya san Oko-Oba, nan Agege, ya san mota ba abin ado ba ce ga mahauta da dillalan shanu. Da ita ake kai nama kasuwannin Ikko tun da asuba, da ita kuma ake tafiya gida in Salla ta ƙarato. Saboda haka in inji ya buga, ba a jinkiri, sai a nufi kasuwar Ladipo a Mushin a sayo na Beljiyam a ɗora. To, a nan ne da yawa ke gamuwa da abin da ba su zata ba: an ɗora inji lafiyayye, amma mota ta ƙi tashi, ko kuwa ta tashi tana shan mai kamar ana zubawa a rairayi.

Sau da yawa laifin ba na injin ba ne, na ƙwaƙwalwar mota ne, watau akwatin nan da makanikai ke kira birenbos.

A zamanin Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, babu wannan magana. Kabureta ce ke gauraya mai da iska, bakanike kuwa da kunnensa da sukudireba yake saita ta. Motocin yanzu ba haka suke ba. Birenbos ƙaramar kwamfuta ce, ita ke karɓar labari game da yawan iskar da ke shiga inji, da zafinsa, da juyawarsa, da hayaƙin da ke fita, sa'an nan ta yanke yawan man da za a fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Kowace an tsara ta ne domin wani inji na musamman. In aka haɗa ta da baƙo, sai ta riƙa ba shi umurnin da ba nasa ba.

Ga misali. Toyota Camry ta 2002 zuwa 2006, wadda ake wa laƙabi da Big Daddy, akwai mai silinda huɗu, injin 2AZ-FE, akwai kuma mai shida. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, mai shida ta zama nauyi ga aljihu. Amma wanda ya cire shida ya sa huɗu, lalle ne ya canza birenbos da wayoyin inji gaba ɗaya, don mai lissafin shida ba za ta iya da huɗu ba.

Ko inji iri ɗaya ma akwai tarko. Corolla 'yar Amurka ta 2003 da ta 2005 duk injin 1ZZ-FE gare su, amma ta farko da kebur totur ɗinta ke aiki, ta biyun kuwa da lantarki. A ido kamar tagwaye suke, amma kama da wane ba ta wane.

Saboda haka abu na farko shi ne lamba. Kowace birenbos tana da takarda manne a jikinta. Ta Toyota galibi da 89661 ko 89666 take farawa, sa'an nan wasu lambobi biyar su biyo baya, waɗannan biyar ɗin kuwa su ne magana. Shigar soket ba hujja ba ce, gama baki yana iya zama ɗaya alhali aikin wayoyin ciki ya bambanta.

Na biyu giya. A motoci da yawa birenbos ce ke sarrafa giya otomatik, don haka ta mai giyar hannu ba za ta yi ba.

Na uku makulli. Motoci da dama suna da na'urar hana sata, wadda ba ta barin inji ya tashi sai ta gane ɗan ƙwayar da ke cikin makulli. In birenbos baƙuwa ce, sai an kai wa mai kwamfuta ya gabatar da su ga juna, in ba haka ba kuwa a yi ta murza makulli har batir ya mutu.

Masu mai da mota mai amfani da gas su ma su lura. Kayan gas na motar injekta suna zuwa da tasu ƙaramar ƙwaƙwalwar, wadda ke bin sawun ta asali, kuma dole ta dace da yawan silinda.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi inji da birenbos da wayoyi duk daga mota guda, a je kasuwa tare da rewaya wanda aka yarda da shi, a kuma yi sharaɗin mayarwa a rubuce kafin kuɗi su bar hannu. Bayan an ɗora, a jona na'urar bincike. Tun 1996 motocin da aka yi domin kasuwar Amurka suna da kafar da ake jona ta, ita ce za ta faɗi abin da kunne ba ya ji. Wanda ya ce a cire ƙwan fitilar gargaɗi don ta daina damun ido, to, ya rufe ciwo ne bai warkar ba.

Araha dai ba ta ado. Gara mutum ya ɓata yini guda a Ladipo yana duba lamba, da ya kwana da iyali a dajin Mokwa ana jibi Salla.