Wayar Wasa, Wayar Kasuwa: Yadda Ɓarayin Intanet Ke Shiga Aljihun Ƴan Kasuwa Ta Hannun Ƴaƴansu

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Birnin Ƙonni ko ta Illela da ke tsallaken iyaka, ko ta Jibiya, ko ta Maigatari ranar Alhamis, ya san abin da ke faruwa idan rana ta take, ciniki ya lafa. Maigida zai tafi masallaci ko ya kishingiɗa a bayan shago, yaron shago ko ɗan maigida kuma ya jawo waya ya duƙufa a kan wasan harbe-harbe ko na ƙwallo ko ludo. Yawancin iyaye ba su ɗauki wannan a bakin komai ba, in dai yaro yana zaune kusa da kaya. Sai dai wayar da yaron ke wasa da ita, ita ce asusun shago, ita ce littafin bashi, kuma a cikinta ne lambobin abokan ciniki suke.

Idan mai karatu bai manta ba, a farkon shekarar 2023 canjin takardun Naira ya haddasa ƙarancin tsabar kuɗi a Nijeriya, abin da ya tilasta wa ƴan kasuwa da dama, har da na wannan ɓangare na iyaka, koyon karɓar kuɗi ta waya. Tun daga lokacin jarin mutane da yawa ya bar ƙarƙashin tabarma ya koma cikin salula, kuma ɓarayi ma sun bi shi can.

Abin da ya sami wani mai albasa

Kwanakin baya wani mai safarar albasa ya kira mu a shirin ƴan kasuwa da muke gabatarwa a gidan rediyonmu, ya ba da labarin da ya sa na ga ya kamata a yi wannan rubutu. Ɗansa, wanda bai wuce shekarun sakandare ba, yana yin wasan Free Fire da wayarsa da daddare. Wani da suka haɗu a cikin wasan ya turo masa adireshin wani shafi, ya ce ana raba lu'ulu'un wasa kyauta. Shafin ya nemi lambar waya, yaro ya rubuta ta mahaifinsa. Nan take saƙo ya shigo ɗauke da lambobi 6, shafin ya ce a rubuta su don a tabbatar da kyauta, yaro ya rubuta.

Ashe lambobin nan na buɗe WhatsApp ɗin mahaifin ne a wata waya. Kafin gari ya waye ɓarawon ya shiga ƙungiyoyin ƴan albasa da sunan bawan Allahn nan, ya sanar cewa asusunsa ya sami matsala, don haka masu biyan bashi su tura kuɗi ta wani sabon asusu. Mutum biyu suka tura. Ya shaida mana cewa asarar kuɗin ba ta dame shi kamar yadda amanar da ya yi shekaru yana ginawa ta girgiza ba, domin har yau ana jayayya kan wanda zai ɗauki asarar.

Me ya sa yara ke faɗawa tarkon?

Wasannin irin su Free Fire, wanda kamfanin Garena na ƙasar Singafo ya fitar a 2017, da PUBG Mobile da ya biyo baya a 2018, kyauta ake saukar da su. Ribar kamfanonin tana fitowa ne daga sayar da kuɗin cikin wasa, wato lu'ulu'u a Free Fire da abin da ake kira UC a PUBG, waɗanda da su ake sayen tufafi da adon bindigogi. Yaron da bai da su yana jin kansa kamar wanda ya je idi da tsohuwar riga, shi ya sa da an ambaci kyauta sai hankalinsa ya tashi.

Abin da ya kamata kowane uba ya fahimtar da ɗansa shi ne, lissafin lu'ulu'un nan yana ajiye ne a manyan kwamfutocin kamfanin, kuma babu wani shafi na waje da zai iya ƙara wa mutum ko guda. Duk shafin da ya yi wannan alkawari sannan ya nemi lambar sirri ko lambobin da aka turo ta saƙo, to na masu damfara ne. Hausawa dai sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wasan jabu da manhajar hasashe

Tarko na biyu shi ne wasan da aka yi wa kwaskwarima, wanda ake cewa harsashinsa ba ya ƙarewa ko kuma an buɗe komai a cikinsa. Irin waɗannan ba a samun su a Play Store, hannu da hannu suke yawo, ta Telegram ko Xender ko a rumfunan masu cajin waya da tura finafinai, waɗanda su kansu sau da yawa ba su san abin da ke ciki ba. Da an ɗora shi sai ya nemi izinin karanta saƙonni da ganin abin da ke fitowa a fuskar waya. Ina ruwan wasan harbi da saƙonnin maigida? Amsar ita ce ta saƙo ne banki da kamfanin waya ke turo lambobin tabbatar da fitar kuɗi.

Wannan ba zato ba ne. A shekarar 2024, lokacin da matasanmu suka raja'a a kan wasan danne-dannen nan na Telegram mai suna Hamster Kombat da fatan samun kuɗin kirifto, kamfanin tsaron kwamfuta na ESET ya bayyana cewa an yi ta rarraba jabun wasan ɗauke da wata muguwar manhaja mai suna Ratel, wadda ke karɓe ikon saƙonnin waya, tana kashe kuɗin mai ita, tana kuma ɓoye sanarwar da za ta tona mata asiri.

Tarko na uku ya fi kama manya. Akwai wasannin caca irin su Aviator, wanda ɗan jirgi ke tashi kuɗi na ninkuwa har ya ɓace. Bayan kasancewar caca abar ƙi a addini da al'ada, an sami masu sayar da manhajar da suke cewa tana hasashen lokacin da jirgin zai ɓace. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin amsar wannan: wanda ya san inda kuɗi ke zuba ba zai tsaya sayar da sirrin a kan jika biyar ba.

Ko a wasan gaskiya ma kuɗi na iya zurarewa idan an haɗa katin banki da waya. A watan Disamba na 2022 kamfanin Epic Games mai wasan Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 245 domin a mayar wa jama'a, bayan hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta zarge shi da tsara wasan ta yadda mutane, har da yara, ke sayen abubuwa ba da niyya ba.

Rigakafi ya fi magani

Mataki na farko kuma mafi girma shi ne a raba wayar kasuwa da wayar wasa. Wanda bai da halin sayen babbar waya ta biyu, ya cire layin da saƙonnin kuɗi ke shigowa ya sa shi a ƙaramar waya mai madannai, ya bar ta a aljihunsa. Kuɗin ƙaramar waya bai kai asarar rana ɗaya ba.

Na biyu, lambobin da aka turo ta saƙo da lambar sirri ta asusu tamkar mabuɗin shago ne. Ba a faɗa wa kowa su, ko da mai kira ya ce shi ma'aikacin banki ne ko na kamfanin waya. Haka nan lambobin BVN da NIN ga masu asusu a Nijeriya, da hoton katin banki ko na shaida.

Na uku, a kunna tsaro mai mataki biyu a WhatsApp, inda mutum zai zaɓi wasu lambobi 6 nasa na kansa, ta yadda ko ɓarawo ya sami lambobin saƙo zai tarar da wata ƙofa a kulle. A riƙa saukar da wasa daga Play Store kawai, kuma duk wasan da ya nemi izinin karanta saƙonni a hana shi, a goge shi.

Na huɗu, ƴan kasuwa su yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa duk wanda aka ce ya canja asusu, sai an kira shi an ji muryarsa kafin a tura ko dala.

Idan kuma abin ya riga ya faru, kada a ɓata lokaci. A kira banki ko kamfanin waya a rufe asusu, a sake yin rajistar WhatsApp da lambar, domin hakan na fitar da ɓarawon, ko da yake idan ya riga ya sa tasa lambar tsaro sai an jira kwana 7. A sanar da abokan ciniki ta kira, a adana saƙonnin a matsayin shaida, a kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma. Nijar tana da dokar hukunta laifuffukan intanet tun ranar 3 ga Yulin 2019, Nijeriya kuma tana da tata tun 2015.

Daga ƙarshe, iyaye su sassauta hannu. Mai albasan nan ya ce tun da daddare ɗansa ya lura WhatsApp ya rufe, amma tsoron duka ya sa ya yi shiru har safe, kuma a cikin waɗannan sa'o'in ne aka kwashe kuɗin. Yaron da ya san zai iya faɗa wa mahaifinsa kuskurensa nan take, shi ne mai gadin shago na gaskiya. A zaunar da yara da yaran shago a bayyana masu waɗannan dabaru tun kafin wani baƙo ya riga mu. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu da zuriyarmu, amin.