Garwashin da Ya Daina Hayaƙi Bai Daina Kisa Ba

Idan hunturu ya kankama, tsakanin Disamba da Fabrairu, akwai dabarar da gidaje da yawa suka saba da ita, daga Jos har Damagaram. A hura gawayi a tsakar gida, a jira ya ruru har hayaƙinsa ya ɗauke, sannan a kwashi garwashin a kasko a shiga da shi ɗaki, a ja ƙofa, a toshe taga da tsumma. An fi yi wa tsofaffi da mai jego da jaririnta. Tunda ba hayaƙi, hankalin kowa a kwance yake. To amma abin da ke kisa ba ya cikin abin da ido ke gani.

Gawayi, itace, kananzir, fetur ko gas, duk wanda aka ƙona bai sami wadatacciyar iska ba, ƙonuwarsa ba ta cika, sai ya fitar da wata iska da masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Garwashin da ya yi jajir yana ta fitar da ita, kuma a rufaffen ɗaki taruwa take yi tunda ba ta da mafita.

Tun a 1857 masanin Faransa Claude Bernard ya bayyana yadda take ɓarna. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin hemogulobin, wanda ke ɗauko oksijin daga huhu ya rarraba wa jiki. Kabon monoksaid ta fi oksijin maƙale wa wannan sinadari fiye da sau 200. Idan ta kama wurin, ba ta saki da wuri. Mutum yana numfashi, jini yana gudu, amma ƙwaƙwalwa da zuciya ba sa samun rabonsu. Jarirai, masu juna biyu da masu ciwon zuciya ta fi saurin kayarwa.

Alamominta kuma na ruɗarwa ne: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ruɗewa. Sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a sha magani a koma kan gado, cikin ɗakin da ke da gubar. Abin lura shi ne yawanci jiki ba ya zafi, mutane da dama ke kamuwa lokaci guda, kuma wanda ya fita waje sai ya ji dama-dama. Mai barci kuwa ba ya jin komai, daga barcin yake zarcewa suma.

Janareta ya ƙara faɗin matsalar, domin shi ba ya jiran hunturu. Tsoron ɓarayi ko ruwan sama kan sa a shigo da shi zaure, kicin, ko bayan shagon da yaro ke kwana. Ƙaramin inji ɗaya ya isa ya cika ɗaki da guba cikin mintoci, kuma buɗe taga ba ya wadatarwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a ajiye shi waje, aƙalla ƙafa 20, wato kusan mita 6, daga ƙofa da taga. Risho da murhun gas ma a riƙa duba harshen wutarsu: shuɗi ne na lafiya, idan ya koma rawaya yana baƙanta tukunya, a gyara.

Idan an yi zargin wani ya shaƙi kabon monoksaid, a buɗe ƙofofi, a fito da shi fili, a garzaya asibiti ko da ya farfaɗo. Madara da manja ba sa fitar da ita daga jini, ɗura wa wanda ya suma kuwa na iya shaƙe shi. Maganinta oksijin ne. A iskar waje jiki kan ɗauki awa 4 zuwa 5 kafin ya rage rabinta, da oksijin zalla kuwa kimanin awa ɗaya da rabi. A gaya wa likita an kwana da garwashi ko inji, domin na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa kan nuna komai lafiya alhali jini cike yake da guba.

Sau da yawa idan aka wayi gari da gawarwakin iyali guda, sai a ɗora wa tuwon dare ko sammu, maƙwabta kuma su ci gaba da abin da ya kashe su. Bargo da rigar sanyi sun fi kasko. Akwai ƙaramar na'ura mai batir da ke yin ƙara idan wannan guba ta taru, wadda ya kamata a rataya kusa da ɗakin kwana. Masu gidajen haya kuma su ware wa janareta keji mai rumfa da kwaɗo can nesa da ɗakuna, domin muddin ɗan haya na tsoron a sace masa inji, ciki zai shigo da shi.