Bindigar Kaboyi Da Maganar Bakin Harsashi

Duk wanda ya taɓa zama a gidan siliman garinsu yana kallon fim ɗin kaboyi ya san irin bindigar nan. Mai ita zai ture wani ƙarfe da ke ƙarƙashin kunama zuwa gaba, ya maido shi, sai ga kwanso ya yi tsalle waje, sabon harsashi ya shige ciki. Wannan ƙarfe shi ne liba, ita kuwa sunanta bindiga mai liba. Ba kayan fim ba ce kawai. Har gobe maharban Amurka da Kanada suna shiga kurmi da ita.

Cikin na farko-farkonta akwai bindigar Henry ta 1860. Daga baya kamfanin Winchester ya fito da samfurin 1894, wanda John Browning ya tsara, aka ƙera fiye da miliyan 7. A 1895 aka yi mata harsashin .30-30 mai albarushi marar hayaƙi, kuma da shi aka kashe barewa ba iyaka a ƙasar.

To, amma akwai wata matsala. Yawancin waɗannan bindigogi suna jera harsasansu ne cikin wani bututu a ƙarƙashin hancin bindiga, kan wannan yana dafe da gindin na gabansa. A tsakiyar gindin nan kuwa maƙyastun harsashi yake. In da bakin harsashi mai tsini ne, girgizar harbi za ta iya sa ya soki na gaba, su fashe a hannun maharbi. Shi ya sa ake yi musu baki mai faɗi ko mulmulalle. Irin wannan baki iska tana saurin rage masa gudu, saboda haka da ya wuce kamar mita 150 zuwa 200 sai ya fara sunkuyawa ƙasa.

Da maƙera suka ga nisa ya gagara, sai suka nemi nauyi. Nan maganar matsakaicin harsashi ta shigo, wato wanda kaurinsa ya ɗara na .30 amma bai kai .40 na inci ba. Akwai .35 Remington na 1906, mai kauri kamar milimita 9, dalmarsa kuma wajen giram 13. Akwai .348 Winchester na 1936, da .358 na 1955. Irin waɗannan sukan fasa ƙashin kafaɗa su isa huhu, ko da na beyar ne ko ƙatuwar barewar nan da suke kira mus. A ganina nan hikimar take. Cikin duhun daji ba a hangen dabba daga nesa, kuma maharbinmu mai bindigar toka ya fi kowa sanin cewa naman da aka raunata bai mutu ba shi ke juyowa kan mutum. Harbi na biyu cikin hanzari, ba tare da an sauke bindiga daga kafaɗa ba, yakan ceci rai.

Wasu sun bi ta wata hanya. Winchester 1895 da Savage 99 sun bar bututu, don haka suna ɗaukar harsashi mai tsini. Samfurin 1895 ɗin, mai babban harsashi .405, shi tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya harbi zakuna da shi a farautarsa ta Gabashin Afirka, wadda ya fara a 1909 ya ƙare a Khartum a 1910. A 2006 kuma kamfanin Hornady ya kawo harsashi mai tsinin roba mai laushi, wanda ba ya tayar da na gabansa.

Duk da haka, kada mai karatu ya ɗauka bindigar ɓauna ko giwa ce. A ƙasashen Afirka da dama da ke ba da lasin farautar manyan namun daji masu haɗari, mafi ƙanƙantar abin da aka saba yarda da shi shi ne .375 H&H na Ingila, na 1912, kuma galibi a bindiga mai sakata ake harba shi.