Jirgin Yaƙin Dare Mai Rada da Matsayinsa a Wasan Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a majalisar samari a Tudun Wada ko Ƙiru a 'yan shekarun nan, ya san yadda wasannin yaƙi na wayar hannu da na kwamfuta suka sami gindin zama. A cikin irin waɗannan wasanni akwai na jiragen sama, alal misali War Thunder, wanda ya ƙunshi jiragen Yaƙin Duniya na Biyu irin su Beaufighter na Ingila da Bf 110 na Jamus da P-61 na Amurka. Dukkan ukun nan an yi farautar dare da su. Manufar wannan ɗan bayani ita ce a nuna wa malamai da 'yan'uwa ɗalibai cewa makamin jirgin dare na gaskiya shi ne gani cikin duhu, don haka wasan da ya ɗauko jirgin ya bar duhun a baya, ƙwarya ya ɗauko ba fura.

2.0 Mece ce Rada?

Da farko a lura da rubutu: rada daban, raɗa daban, ko da yake duka biyu sai mai kasa kunne ke amfana da su. Wanda ya taɓa tsayawa a tsakanin duwatsun Riruwai ta ƙasar Doguwa ya ƙwala kira, ya san muryarsa takan dawo masa. Wannan ita ce amsa-kuwwa. In dutsen yana kusa ta dawo da wuri, in yana nesa ta jinkirta. To haka rada take aiki, sai dai maimakon murya igiyar rediyo take turawa, wadda ke gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. In igiyar ta bugi jikin wani jirgi sai ta dawo, na'ura ta auna jinkirin, ta fitar da nisan abin a kan wani ɗan gilashi mai haske.

3.0 Asalin Jirgin Dare

Hausawa sun ce dare rigar mugu. A 1940, da jiragen Jamus suka sha kashi da rana a sararin Ingila, sai suka koma ruwan bama-bamai da dare. Matuƙin da ke neman su da ido kawai tamkar mai laluben allura ne a rairayi. Wannan ya sa Ingilishi suka ƙanƙanta rada suka ɗora ta a jirgi. A watan Yuli 1940 wani jirgi samfurin Blenheim ya kakkaɓo jirgin Jamus da taimakonta, sa'an nan Beaufighter ya gaji aikin. Matuƙin da ya fi shahara a nan shi ne John Cunningham, wanda aka baza labarin wai cin karas ne ya ƙara masa gani, don a ɓoye sirrin na'urar.

Amma fa radar farko tana da rauni. Ƙasa ita ma tana mayar da amsa-kuwwa, saboda haka na'urar ba ta ganin abin da nisansa ya wuce tsayin da jirgin ya yi daga ƙasa. Sai tashar rada ta ƙasa ta yi wa jirgin jagora ta rediyo har ya kusanci abokin gaba. Daga nan mai kula da rada, wanda ke zaune a bayan matuƙi, ya karɓa yana faɗa masa ya yi dama ko hagu, ya hau ko ya sauka, ya rage gudu. A ƙarshe tilas matuƙi ya ga jirgin da idonsa, ko inuwarsa ko wutar da ke fita daga injinsa, ya tabbata ba nasu ba ne kafin ya buɗe wuta. Watau aikin mutum uku ne, kamar farautar dare a dajin Falgore, inda wani ya san sawu, wani ke riƙe da fitila, wani kuma ke harbi. Jamus ta yi tata rada mai suna Lichtenstein, Ingila kuma a watan Yuli 1943 ta watsa mata siraran takardun gwangwani a sararin Hambug, gilashin ya cika da amsa-kuwwar ƙarya.

4.0 Misali daga Gida

Ba sai mun tsaya a Turai ba. A watan Agusta 1967, farkon yaƙin basasar Nijeriya, aka sauke jiragen MiG-17 na Tarayyar Sobiyat a filin jirgin sama na Kano, aka harhaɗa su a nan. Jirage ne masu tsananin gudu, amma na rana ne. Akwai samfurin MiG-17 mai rada, sai dai ba irinsa aka kawo ba.

Daga 1968, bayan Biyafara ta rasa manyan filayenta, sai ta mayar da wani yanki na titin mota a Uli filin sauka. Da dare jirage kan taso daga tsibiran Sawo Tome da Fanando Po da kuma Kwatano, wasu ɗauke da abinci da magani na ƙungiyoyin coci da na Red Cross, wasu kuma da makamai. Ba a kunna fitilun filin sai jirgi ya zo daf da sauka, a kashe nan take. Sojojin saman tarayya sun yi ta tura jirgi yana shawagi a kan filin yana jefa bam in ya ga haske, amma ba su iya rufe Uli ba har Janairu 1970 da yaƙin ya ƙare. Jirgin Red Cross samfurin DC-7 da wani MiG-17 ya harbo a ranar 5 ga Yuni 1969, da sauran hasken rana aka gan shi. Ashe gudu da bindiga ba su wadatar ba in babu ido.

5.0 Abin da Wasa Yake Bukata

Bisa ga wannan, mai son sanya jirgin dare a wasa yana da sharuɗɗa huɗu. Na farko, duhu na gaskiya, domin a fagen rana jirgin dare nauyi ne da shi, wayoyin da ke hancinsa ma rage masa gudu suke yi, ƙananan jirage su cinye shi. Na biyu, rada mai rauninta na asali, ba taswira mai nuna kowa da jan ɗigo ba. Na uku, kujerar mai kula da rada, ko a ba ɗan wasa na biyu, ko kwamfuta ta riƙa faɗin umarni. Na huɗu, haɗarin kuskure: ɗigon haske a gilashi ba ya faɗin sunan jirgi. Matsalar masu tsara wasa ita ce yawancin 'yan wasa ba su da haƙurin minti ashirin suna lalube, don haka akan sauƙaƙa abin har ya rasa ma'anarsa.

6.0 Kammalawa

Kama da wane ba ta wane. Ƙannenmu da yawa a wasa suke fara jin sunayen waɗannan jirage kafin su gamu da su a littafi, abin da wasa ya koya musu kuwa shi zai zauna. In ya nuna musu yaƙin dare danna maɓalli ne kawai, ya cuce su. Labarin Uli ya isa darasi: ɗigon da ke gilashi yana iya zama jirgin makamai, yana iya zama jirgin madarar yara masu yunwa, kuma matuƙi ne zai ɗauki alhakin. Aikinmu a sashen Hausa shi ne mu samar da kalmomin wannan fanni, mu kuma rubuta wannan tarihi da harshen da samarin Bebeji da Doguwa za su karanta, tun kafin wani ya ba su shi a gurguje.