Sinadarin da ke cikin kanwa: Daga Tafkin Chadi zuwa tukwanen Anacha da Inugu

Cikin kayan da fataken Arewa suka daɗe suna kaiwa Anacha da Inugu da Fatakwal akwai kanwa. Har sunanta ya bi ta can, domin Inyamurai na kiranta akanwu. Sai dai masu saye da masu sayarwa da yawa ba su san abin da ke cikinta ba.

Ana samun kanwa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, inda ruwa ke ƙafewa ya bar ta a bisa ƙasa. Ko da yake a kasuwannin Kudu ana ce mata fotash, masana kimiyyar sinadarai sun tabbatar da cewa fotasiyam ɗin cikinta kaɗan ne. Mafi yawanta wani ma'adini ne mai suna trona, wanda ya ƙunshi sodiyam da kabonet da ruwa. Irinsa ne ake haƙowa a jihar Wyoming ta Amurka domin sarrafa gilashi.

Aikin kanwa shi ne kashe tsami. Shi ya sa take sa wake ya nuna da wuri, kuɓewa kuma ta yi yauƙi. A ƙasar Inyamurai ana zuba ruwanta a manja, sai ya yi kauri ya koma rawaya, a haɗa abacha ko nkwobi da shi. Dalili kuwa, kanwa na mayar da wani ɓangare na man ya zama kamar sabulu, wanda ke haɗa mai da ruwa. Ba mamaki da suke kiran wannan haɗin ncha, wato sabulu a harshensu.

Amma kowane allazi da nasa amanu. A shekarun 1970, likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego. Sun danganta hakan da yawan shan kunun kanwa, tare da wankan jego da kwanciya a gadon wuta, domin sodiyam na tara ruwa a jiki ya ƙara wa zuciya aiki.

Saboda haka mai hawan jini da mai jego su ɗauki kanwa tamkar gishiri, su taƙaita ta, su kuma nemi shawarar likita.